Shirin Motoci A Talabijin: Abin Da Suke Fasawa Don Raha, Da Irinsa Muke Kai Albasa Kasuwa

Duk wanda ya taɓa kwana a tashar motar Madawa a lokacin kakar albasa ya san yadda dare ke kasancewa a wurin. Manyan motoci na jere a bakin babbar hanya suna jiran lodi, ƙanana na shigowa daga ƙauyukan kwarin Tarka an ɗaure musu buhuna har bisa kan direba, ga masu shayi da masu tsire kowa da 'yar fitilarsa. A irin wannan dare ne muka zauna a teburin wani mai shayi da ya kafa akwatin talabijin don jan ciniki, inda muka tarar da direbobi da yaran mota da 'yan kamasho sun yi cincirindo suna kallon wani tsohon shirin Turawan Ingila da ya shafi motoci. Waɗanda ke jin abin da ake faɗa ba su fi biyu ko uku ba, amma kowa ya ƙura ido, domin mota ba ta buƙatar tafinta.

Ana cikin haka sai aka nuna wata tsohuwar mota tsaye, tayoyinta huɗu da iska, gilasanta duk lafiya. Ba a jima ba sai ga wani ƙaton akwatin kiɗa da ake kira fiyano an sako mata shi daga sama, ya lotsa rufinta har ƙasa. Yaran mota suka kwashe da dariya. Wani dattijon direba da ke kusa da mu kuwa sai ya ajiye kofinsa ya yi salati, ya tambaya ko mai motar wani laifi ya yi. Da aka gaya masa wasa ne, ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce da shi aka ba wa, da ya shekara goma yana ɗaukar mata zuwa kasuwar Tunfafi da ita.

Wannan magana ta dattijo ita ce ta sa muka bi diddigin waɗannan shirye-shirye, waɗanda a da sai mai tauraron ɗan'adam a gida ke ganinsu, amma yanzu guntayensu na yawo a wayoyin 'ya'yanmu daga Bangi har Ibohaman. Su wane ne ke gabatar da su? Yaya suke ɗaukar mutanen da ke ƙaunar motocinsu? Kuma mene ne ruwan mai sayar da albasa ko mai tallan ƙuli-ƙuli da su?

Su Wane Ne Masu Shirin?

Shirin da aka kalla a daren nan sunansa Top Gear, na gidan talabijin na BBC. An fara shi tun 1977 a matsayin shiri mai natsuwa da ke bayyana wa mai saye amfanin mota da aibinta, da abin da ya shafi kiyaye haɗari a kan hanya. A shekarar 2002 aka sake masa fasali a hannun wani ɗan jarida mai kaifin baki, Jeremy Clarkson, tare da Richard Hammond, sannan James May ya shigo a 2003. Daga nan shirin ya koma na barkwanci da tsere da ɓarna, kuma nan ne ya yi farin jinin da har littafin bajinta na Guinness ya sanya shi a matsayin shirin da ba na wasan kwaikwayo ba wanda aka fi kallo a ƙasashen duniya. An ƙiyasta masu kallonsa a lokacin da yake tashe sun kai miliyan 350.

Su ma Faransawa suna da nasu, waɗanda 'yan bokonmu suka fi sani. Akwai Automoto da tashar TF1 ta fara a 1975, da kuma Turbo na tashar M6 wanda Dominique Chapatte ya fara gabatarwa a 1987. Waɗannan sun fi ladabi, sai dai akasarin abin da suke nunawa sababbin motoci ne da kamfanoni ke ba su aro su gwada, ga talla na biye. A Amurka kuwa an yi wani mai suna Pimp My Ride a tashar MTV daga 2004 zuwa 2007, inda mawaƙi Xzibit ke karɓar tsohuwar motar wani matashi a kai ta gareji a yi mata kwalliyar da ta fi ƙarfinta.

Motocin da ake yi wa kirari a waɗannan shirye-shirye ba na irinmu ba ne. Alal misali a 2007 James May ya tuƙa wata mai suna Bugatti Veyron a gudun kilomita 407 a awa guda. Kuɗinta a lokacin ya kai Yuro miliyan ɗaya, wato sama da sefa miliyan 655. Mai karatu ya lissafa buhun albasa nawa ke nan, ya kuma tuna cewa mutum biyu kacal take ɗauka, ba ta da wurin ajiye ko da kwando uku na tumatir, sannan kwazazzabo na farko da za ta tarar a hanyar Garhanga nan za ta kwana.

Yadda Suke Yi Wa Masu Son Mota

Hausawa na cewa dokin mai baki ya fi gudu. Mai gabatar da shiri yana da kyamara da makirufo da miliyoyin masu sauraro, shi kuwa talakan da ya tara kuɗinsa ya sayi mota yana lallaɓa ta ba shi da inda zai mayar da martani. Motar da muka ga an fasa sunanta Morris Marina, an ƙera ta a Ingila daga 1971 zuwa 1980, mota ce ta masu ƙaramin ƙarfi. Waɗanda suka rage suna da ita sun kafa ƙungiya, suna taimakon juna da kayan gyara, kamar dai yadda masu Fijo ke yi a nan. Da masu shirin suka ƙona guda a 2008, 'yan ƙungiyar suka yi ƙorafi. Maimakon a ba su haƙuri, sai aka riƙa karanta ƙorafin nasu a gaban jama'a ana dariya, aka kuma mayar da jefa wa irin motar fiyano wata al'ada da ake maimaitawa.

Haka suka yi wa masu 'yar rumfar kwana mai taya da ake ja da mota, wadda tsofaffi da masu iyali ke fita hutu da ita domin ba su da kuɗin otal. Sun ƙona irinta, sun jefo ta daga sama, sun yi karo da ita ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A 2010 kuma suka nuna wata mota mai ƙafa uku, Reliant Robin, tana ta kifewa a kowace kwana, duniya ta yi ta dariyar masu ita. Sai a 2016 Clarkson da kansa ya rubuta a jarida cewa shi ya sa aka taɓa ƙarƙashin motar don ta riƙa faɗuwa. Ko Fijo da muke ji da ita ba ta tsira ba, domin a 2015 sun yi wani shiri inda suka yaba wa tsofaffin Fijo, sannan suka nuna masu tuƙa na zamani a matsayin gidadawan da ba su san gabas ba balle yamma.

Abin bai tsaya kan mota ba. A 2011, garin zancen wata motar da aka ƙera a Meziko, suka kira mutanen ƙasar ragwaye, har sai da jakadan ƙasar a Landan ya kai ƙara, BBC ta nemi gafara. A 2014 mutanen Ajantina suka kore su da jifa saboda lambar wata mota da suka ɗauka tsokana ce kan yaƙin da ƙasashen biyu suka yi a 1982, ko da yake masu shirin sun dage cewa arashi ne. A watan Maris na 2015 kuma Clarkson ya naushi wani ma'aikacin shirin a kan rashin abinci mai zafi bayan an tashi aiki, BBC ta ƙi sabunta kwantiraginsa. Mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a dawo da shi, abin da ke nuna cewa masu kallo da yawa zagin ne ma ke burge su. Shi da abokansa biyu suka koma kamfanin Amazon suka buɗe The Grand Tour a 2016, suka yi bankwana da shi a 2024.

Shi kuwa shirin Amurka da ke nuna kamar taimako yake yi, a 2015 wasu daga cikin matasan da aka yi wa kwalliyar motoci sun shaida wa jaridar Huffington Post cewa motocinsu sun yi watanni a gareji, ba 'yan kwanaki ba kamar yadda ake nunawa. Suka ce wasu kayan ƙyale-ƙyalen ana cire su da zarar an kashe kyamara, kuma ciwon da ke cikin injin yana nan yadda yake. An shafa wa mota hoda da jan baki, an bar ta da cutarta. Duk 'yar kasuwar da aka taɓa sayar wa buhun da aka jera manyan albasa a baki aka cusa ruɓaɓɓu a tsakiya ta san wannan ciniki.

Da Suka Zo Afirka

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗi inda suka yi daidai. A 2003 sun sayi wata tsohuwar Toyota Hilux ƙirar 1988 a kan Fam 1,000, kuɗin da bai kai sefa miliyan ɗaya ba, wadda ta riga ta yi tafiyar sama da kilomita 300,000. Suka kara ta da itace, suka bar ta teku ta shanye ta, suka cinna mata wuta, daga ƙarshe suka ɗora ta a kan wani dogon bene aka rushe shi da nakiya. Bayan duk wannan, wani makanike ya tayar da ita da 'yan sifanu, ba tare da an sa mata sabon kaya ba. Turawa suka yi ta mamaki. Mu kuwa a Adar da an tambaye mu da mun gaya musu ba sai an ƙona komai ba, domin mun ga irinta tana hawan dutse da tan biyu na gero da mutum ashirin a bisa.

A 2007 suka je Botswana, kowannensu ya sayi tsohuwar mota a kan kuɗin da bai wuce Fam 1,500 ba, kusan sefa miliyan ɗaya da rabi a canjin lokacin, suka ratsa ƙasar. Hammond ya sayi wata Opel ƙirar 1963, ya raɗa mata suna Oliver, ya shaƙu da ita har da ta nutse a kogi ya kusa kuka, daga ƙarshe ya sa aka kai masa ita gida Ingila. Ashe dai shi ma ya san zafin da mai Marina ke ji, wanzami ne kawai ba ya son jarfa. A 2013 sun yi yawon neman mafarin kogin Nilu a Uganda da Ruwanda da Tanzaniya, a 2024 kuma suka ratsa Muritaniya zuwa Senegal. A yawancin waɗannan tafiye-tafiye, munanan hanyoyinmu su ne abin wasa, mutanenmu kuwa 'yan kallo ne a gefen hanya suna ɗaga hannu. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi direban da ke bin hanyar nan kullum yadda yake yi ba, alhali shi ne gwanin.

Wannan ba sabon abu ba ne gare mu a jihar Tawa. Idan ba a manta ba, tseren Paris zuwa Dakar da Thierry Sabine ya ƙirƙiro ya fara tashi ne ranar 26 ga Disamban 1978, ya biyo ta Aljeriya da Nijar da Mali. Shekaru da dama Agadas da Tawa da Yamai na cikin zangunansa, kuma a 1997 daga Dakar aka taso aka zo Agadas aka juya. Dattawanmu na tuna ƙura da ƙarar jirage masu saukar ungulu da ke ɗaukar hoto don talabijin ɗin Faransa. Fijo ta ci tseren sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, abin da ya ƙara mata kwarjini a tashoshinmu. Masu tseren sun raba famfunan ruwa a wasu ƙauyuka, masu sayar da mai da abinci sun samu ciniki na kwana ɗaya ko biyu, amma kuma an take yara a ƙauyukan Mali da Gini da Senegal. Shi kansa Sabine ya rasu a haɗarin jirgi a Mali ranar 14 ga Janairun 1986, aka watsa tokarsa a gindin wata bishiya a hamadar Tenere. A 2000 aka kwashe motocin tseren a jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar tsaro, a 2008 aka soke shi, a 2009 ya koma Kudancin Amurka, a 2020 ya koma Saudiyya. Ƙura ta lafa, kyamara ta tafi, mu muka rage da hanyarmu.

Masu Son Mota Na Gaskiya

Idan son mota shi ne sanin kukanta da jure wa halinta da ƙin rabuwa da ita, to babu inda ya kai tashoshin Madawa da Buza da Keita yawan masoyanta. Hanyar da ta taso daga Madawa ta bi ta Buza da Keita da Tamaske zuwa Tawa ta ratsa ƙasar duwatsu da ƙoramu, kuma kasuwannin ƙauye irin na Karofan da Tabotaki da Allakai da Tama duk sai an sauka daga babbar hanya ake kai musu. Da damina idan ƙorama ta kawo, direba kan sauka ya naɗe wando ya auna ruwan da ƙafarsa kafin ya shigar da mota. Wannan jarrabawa ce da babu wani mai gabatar da shiri da ke yin ta sau biyu a mako da rayukan mutane a bayansa.

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969. Kamfanin harhaɗa Fijo na Kaduna ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Shi ya sa kayan gyaranta suka wadata daga Kano da Sakkwato har Illela da Ƙonni da Maraɗi. Ita da yayarta 404 a-kori-kura su suka yi renon kasuwancin wannan yanki kafin Hilux da Hayis su karɓe su. Da irin waɗannan motoci aka kai marasa lafiya asibitin Galmi cikin dare, da su aka kai amare, da su 'yan ci-rani ke dawowa da akwatunansu daga Abijan. Lokacin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, manyan motoci ne ke jigilar duwatsu, iyayenmu mata na jera su da hannu a kan tudu, kuma hanyoyin karkarar da aka buɗe a lokacin su suka haɗa ƙauyuka da dama da kasuwa.

Makanikenmu da ke ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ba shi da kwamfuta, amma yana ɗora kunne a kan inji ya gaya maka inda ciwon yake. Yana naɗa sifirin da roba, yana toshe lagireto a daji har a iso gari, yana haɗa mota ɗaya daga gawar guda uku. Matar da ke sayen albasa a gona tana kai wa 'yan sari ta san motar wane ce ke tashi da asuba ba sai an tura ba, ta san wadda burkinta ke kuka, kuma a kan haka take zaɓen wanda za ta ba wa kayanta. Domin idan mota ta mutu a hanya da rana tsaka, direba asarar yini ya yi, ita kuwa tumatir ɗinta ya zama miya, uwar kuɗi da riba sun tafi tare.

Motocin da Turai ta gaji da su kuwa nan suke ƙarewa. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo, da yawansu ba za su ci jarrabawar lafiya a ƙasashen da suka fito ba. Shekara da shekaru ta tashar jiragen ruwan Kwatano namu suka riƙa shigowa. Da aka rufe iyakar Binin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota da na kayan gyara suka tashi. A watan Mayun 2023 kuma Nijeriya ta janye tallafin mai, man bumburutu da direbobinmu na bakin iyaka suka saba da shi ya yi tsada. Duk wannan a kan buhun 'yar kasuwa ya sauka. Shi ya sa dattijon nan bai ga abin dariya ba.

Inda Abin Ya Shafi Aljihunmu Da Rayukanmu

Wani abin takaici shi ne yadda samarinmu ke kwaikwayon abin da suke gani. Ranar ɗaurin aure ko ranar Sallah sai ka ga yaro ya ari mota ko babur yana juyi a tsakiyar gari, taya na hayaƙi, yara na shewa. Abin da bai sani ba shi ne, waɗancan a filin jirgin saman da aka rufe suke yi, da hular kwano da motar asibiti da 'yan kwana-kwana a tsaye. Duk da haka ba su tsira ba. A watan Satumban 2006 Hammond ya kife da wata mota mai injin jirgi yana gudun sama da kilomita 460 a awa, ya samu rauni a ƙwaƙwalwa. A Disamban 2022 wani sabon mai gabatarwa, tsohon ɗan wasan kurket Freddie Flintoff, ya yi mummunan haɗari da ya ɓata masa fuska, kuma a Nuwamban 2023 BBC ta sanar da jingine shirin. Shi an kai shi asibiti a jirgi mai saukar ungulu, an kuma ruwaito an biya shi diyyar Fam miliyan 9. Ɗanmu idan ya faɗi a Buza, wa zai biya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya a shekara, kuma Afirka mai kashi 3 kacal cikin ɗari na motocin duniya ita ke ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na biyu shi ne ruɗin ido wajen saye. Akwai wani shirin Ingila mai suna Wheeler Dealers da aka fara a 2003, inda Mike Brewer ke sayo tsohuwar mota, makanike Edd China ya gyara ta a gaban kyamara dalla-dalla, a sayar a lissafa riba. Wannan shi ne ya fi kusa da abin da zai amfane mu, kuma makanikai da yawa sun ƙaru da shi. Amma ko a nan ɗan kasuwa zai lura cewa ba a sa ladan makanike a cikin lissafin, don haka ribar da ake nunawa ta talabijin ce. A 2017 Edd China ya bar shirin, ya ce sababbin masu shi na son rage bayanin gyara domin yana cin lokaci da kuɗi. Wato abin da ke da amfani shi aka fara yankewa.

Saboda haka muna jan hankalin 'yan kasuwa, musamman ƙungiyoyin mata da ke tara kuɗin adashi don sayen motar jigilar kayansu, da kada su bari ƙyallin fenti ko bidiyon da dillali zai nuna musu a waya ya ɗauke musu hankali. Ku tafi da makanikenku, ba na mai sayarwa ba. Ku ce a tayar da ita da sassafe kafin inji ya yi zafi, ku duba hayaƙin salansa: shuɗi alamar tana shan baƙin mai, baƙi alamar tana ɓarnar mai, fari mai kauri da ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inji. A zaro sandar baƙin mai, idan ya yi kalar shayi da madara a bar ta. A leƙa ƙarƙashi a ga ko an yi wa ƙashin bayanta walda. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, domin taya na tsufa ko ba a taka ta ba. A gwada lambar jikin mota da ta takardu, a tabbatar an biya kuɗin duwan, a kuma tambaya ko ana samun kayanta a Ƙonni ko Maraɗi. Daga ƙarshe a loda mata kaya a hau tudu da ita kafin a cika kuɗi. Araha dai ba ta ado.

Shirin Da Muke Buƙata

Ba muna cewa a daina kallo ba ne. Mutumin da ya yini yana ɗaukar buhu yana da haƙƙin ya yi dariya da dare, kuma waɗannan mutane sun iya aikinsu na ban dariya. Abin da muke cewa shi ne mai kallo ya san cewa yawancin abin da yake gani an tsara shi ne tun kafin a kunna kyamara, kuma wanda ake yi wa dariyar, da mai tsohuwar mota da mai ƙaramin ƙarfi, ɗan'uwanmu ne a can.

Muna kuma kira ga gidajen talabijin na gwamnati da masu zaman kansu, da gidajen rediyon karkara da ke yankunan nan uku, da su ware ko da rabin awa ne a mako don shirin motoci da Hausa. A gayyato makanike da tsohon direba da jandarma da shugabar mata 'yan kasuwa. A faɗi farashin kayan gyara da yadda ake gane na jabu, a faɗi ƙoramar da ta yanke hanya, a yi magana kan lodin wuce kima da ɗora mutane a kan kaya, a bayyana wa fasinja haƙƙinsa a wurin kamfanin inshora idan tsautsayi ya auku. Masu sayar da taya da batir da baƙin mai za su ba da talla, domin masu sayen kayansu ne za su saurara. Mai gabatarwa kuwa ya zama mai ladabi, wanda idan ya ga a-kori-kurar da ta shekara arba'in tana aiki zai gaida mai ita ya tambaye shi sirrin, domin tsohuwar zuma da ita ake magani.

Da muka tashi daga teburin mai shayi, dare ya raba, an riga an gama loda wa dattijon nan buhu na ƙarshe. Ya zagaya motarsa yana bugun kowace taya da ƙafa, ya ƙara wa lagireto ruwa daga jarka, ya ce matan su gyara zama su riƙe yaransu, sannan ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Sai a karo na uku ta kama. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya sa albarka a kasuwa, amin.